Shiga Jirgin Ruwa na Shaƙatawa Karo na Farko: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan su ne ke yawan fitowa daga bakin mutanen Garwa, Marwa, Ngaundere, Kusiri da Injamena idan sun ɗaura niyyar shiga babban jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, wanda masu sayar da tikiti ke kira croisière da Faransanci. Farashin kamfanoni na hawa da sauka, amma canjin sefa da yuro a tsaye yake: yuro 1 sefa 655.957 ne, da shi aka yi duk lissafin da ke ƙasa.

Wane irin jirgi ne wannan, me ya raba shi da jirgin fito?

Jirgin fito yana ɗaukarka daga wannan gaɓa ya ajiye ka a waccan, kamar kwalekwalen da ke tsallaka Logone ko Binuwai. Wannan kuwa otal ne mai tafiya a kan teku. A ciki za ka kwana, a ciki za ka ci abinci. Da dare yana tafiya, da safe ka farka a wani gari, ka sauka ka zaga, ka dawo kafin la'asar ko magariba ya ƙara gaba. Tafiyar da aka fi sayarwa ta kwana 7 ce, kuma galibi jirgin yana komawa tashar da ya tashi.

Girmansu sai an gani. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, tsawonsa ya kai mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata. Ko matsakaicin jirgi yana da bene sama da goma, don haka kwana biyun farko kowa ɓata yake yi a cikin lunguna.

Mu da ba mu da teku, daga ina za mu shiga?

Manyan jiragen nan ba sa ɗaukar fasinja daga Duwala, sai dai ƙanana da ke yada zango jefi-jefi. Dole a bi jirgin sama zuwa tashar da jirgin ke tashi. A tekun Bahar Rum akwai Barcelona, Marseille, Genoa da Civitavecchia kusa da birnin Rum, kasuwarsu ta fi ci daga Afrilu zuwa Oktoba. A yankin Gulf akwai Dubai, Abu Dhabi da Doha, daga Disamba zuwa Maris, lokacin da zafi ya sauka. Daga Jidda kamfanin Saudiyya mai suna AROYA ya fara tashi a Disamban 2024. Akwai kuma Durban da Cape Town a Afirka ta Kudu, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu.

Ka isa garin da jirgin zai tashi kwana ɗaya kafin ranar, biyu ma sun fi. Wanda ya taso daga Marwa ya bi mota zuwa Ngaundere, ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ya hau jirgin sama ya canja a Addis Ababa, Istanbul ko Kasabalanka, yana da wurare huɗu ko biyar da zai iya makara. Kuɗin otal na dare ɗaya bai kai asarar tikiti gaba ɗaya ba, domin wanda jirgi ya tashi ya bari ba a mayar masa da ko sisi.

Wace biza nake bukata?

Nan ne tafiyar mutanenmu ta fi lalacewa. Ka ɗauki jerin garuruwan da jirgin zai tsaya, ka rubuta ƙasar kowanne, ka bincika abin da take nema daga mai fasfon Kamaru ko Chadi. Kada ka ce ai ba zan sauka a gari kaza ba. Kamfanoni da yawa suna hana mutum shiga tun a ƙofa idan bizar ƙasa ɗaya ta gaza, ko da ya yi rantsuwar zai zauna a ɗakinsa.

Ga Bahar Rum, bizar Schengen ce ta rufe Faransa, Sifen, Italiya, Malta, Girka da Kuroshiya. Kuɗinta yuro 90 ga babba tun Yunin 2024, wato kimanin sefa 59,000, ban da ladan cibiyar karɓar takardu. Ana neman inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kuma ana iya miƙa takardu tun saura wata 6. Tarkon yana nan: idan jirgin zai leƙa Tunis, Kasabalanka, Istanbul ko wata tashar da ba ta cikin Schengen sannan ya dawo Turai, ka fita ke nan ka sake shiga. Biza mai shiga sau ɗaya ta mutu tun fitar farko, don haka sai ka nemi mai shiga da yawa, ka haɗa da jadawalin jirgin a matsayin hujja. Ita ma waccan ƙasar sai ka duba tata ƙa'idar daban.

A Gulf kowace ƙasa da tata bizar, kuma idan jirgin ya fita Daular Larabawa zuwa Ƙatar ko Bahrain ya dawo Dubai, matsalar shiga sau biyu tana nan. Fasfo kuwa ya kasance da sauran wata 6 bayan ranar dawowa, da shafuka biyu da ba a buga komai a kansu ba.

Idan na biya tikiti kuma aka hana ni biza fa?

Kamfanin jirgi yana ɗaukar wannan a matsayin kai ne ka fasa. Yadda ake yanke kuɗi hawa-hawa ne: wanda ya fasa da sauran watanni kuɗin kafin alƙalami kawai zai rasa, wanda ya fasa a makonnin ƙarshe yana iya rasa duka. Saboda haka ka biya kafin alƙalami, ka karɓi takardar shaida, ka nemi biza nan take, yadda amsa za ta fito kafin ranar cika kuɗi. Tikiti mafi arha sau da yawa shi ne wanda ba a mayar da kuɗinsa. Idan za ka sayi inshorar fasa tafiya, ka sa a nuna maka layin da ya ambaci hana biza da idonka, domin ba kowace ce ke biyan wannan ba.

Katin rigakafin shawara dole ne?

Dole ne. Kamaru da Chadi suna cikin ƙasashen da ake lissafawa da zazzaɓin shawara, kuma ƙasashe irin su Afirka ta Kudu, Masar da Saudiyya suna neman katin daga wanda ya fito daga nan. Katin yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ka tabbata sunan da ke kati ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi.

Kuɗin da aka tallata ya ƙunshi komai?

A'a. Farashin talla na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin mutum biyu za su raba ɗaki. Mai tafiya shi kaɗai yakan biya ƙari, wani lokaci har ninki. Abin da kuɗin ya rufe shi ne ɗaki, abinci a babban ɗakin cin abinci da wurin ɗebi-da-kanka, wasannin dare, wurin iyo da wurin motsa jiki.

Abin da ke zuwa daga baya shi ne kuɗin hidima da ake ɗora wa kowane fasinja kowane dare. A jiragen Turai yana wajen yuro 11 zuwa 14, a na Amurka dalar Amurka 16 zuwa 20. A ce yuro 12 ne: miji da mata, dare 7, ya zama yuro 168, sama da sefa 110,000, tun ba a sha ko lemo ba. Sai lemon kwalba, ruwan gora, intanet, wanki, hotuna, gidajen abinci na musamman, yawon gari da ganin likita. A kan abin sha ma ana ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Ruwa, shayi da kofi na injin da ke wurin ɗebi-da-kanka kyauta ne, amma a wasu jiragen Turai ruwan da za a kawo maka kan tebur da dare na kuɗi ne.

Ana tallata kunshin abin sha na duk tafiya. Mafi tsadarsa don masu shan giya aka yi shi, kada a lallaɓa ka ka saya. Akwai na lemo da kofi zalla, shi ma sai ka ƙirga kofi nawa kake sha a rana kafin ka ce ya yi riba.

Da me ake biya a cikin jirgi? Kuɗin waya na aiki?

Orange Money, MoMo da Airtel Money duk a gida za ka bar su, sefa ma ba mai karɓa. Ranar shiga za a ba ka kati mai sunanka. Shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, da shi ake sayen komai. Za ka haɗa shi da katin banki na Visa ko Mastercard, ko ka ajiye tsabar yuro ko dalar Amurka a injin da aka tanada, ana cira har su ƙare.

Katin banki yana da wata ɗabi'a mai ba da haushi. Jirgin yana riƙe wani adadi a asusunka a matsayin jingina, idan sayayya ta ƙaru ya ƙara riƙewa, kuma banki na iya ɗaukar makonni kafin ya saki abin da ba a kashe ba. Wanda ke da kati ɗaya tak yana iya samun kansa a Barcelona da kuɗi a asusu amma ba halin cirewa. Ajiye tsaba yana kawar da wannan. Ka je bankinka kafin tafiya a buɗe katin don waje a kuma ɗaga iyakarsa. Dokar canji ta BEAC tana neman takardun hujja idan abin da aka kashe a wajen yankin ya haura sefa miliyan 5 a tafiya ɗaya, don haka ka adana tikiti da rasiɗai. Wanda ya shiga Tarayyar Turai da tsabar yuro 10,000 ko fiye sai ya bayyana wa kwastan.

Wane ɗaki ya kamata sabon shiga ya ɗauka?

Iri huɗu ne: na ciki marar taga, mai tagar da ba ta buɗuwa, mai baranda, da babba mai falo. Na ciki ya fi arha kuma ana barci mai nauyi a cikinsa, sai dai duhu ne ƙirin ko da tsakar rana, wanda bai sa ƙararrawa ba asuba za ta wuce shi. Abin da ya fi irin ɗaki muhimmanci shi ne inda yake. Ka nemi taswirar jirgin, ka zaɓi tsakiya, a benen da ɗakunan kwana ne a samansa da ƙarƙashinsa. Ƙarƙashin wurin iyo ana jan kujeru tun da sassafe, saman gidan rawa kuwa kiɗa har ƙarfe biyun dare. Idan ka ɗauki tikitin da kamfani ne zai zaɓa maka ɗaki, ka yarda da duk inda aka jefa ka.

Ni ko a mota ina amai. Yaya zan yi a teku?

Babban jirgi yana da fikafikai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi, kuma kwanaki da yawa ba za ka san ana tafiya ba. Jiri yana zuwa ne idan kunnen ciki ya ji motsi, ido kuma yana kallon bango a tsaye. Maganinsa na farko shi ne fita waje a kalli inda teku ya haɗu da sama. Gaba da bayan jirgi da benen sama sun fi lilo, shi ya sa aka ce a zaɓi tsakiya a amsar da ta gabata.

Ƙwayoyi irin su Nautamine ko Mercalm ana shan su rabin awa zuwa awa ɗaya kafin jiri ya fara, idan amai ya riga ya zo ba sa zama a ciki. Suna sa barci, kuma mai hawan jini, mai ciwon ido na glokoma ko mai juna biyu ya tambayi likita tukuna. Citta tana taimaka wa wasu. Ka ci abu kaɗan marar maiƙo, domin cikin da ba komai ya fi saurin tashi. Tekun Gulf ya fi Bahar Rum na lokacin sanyi kwanciya.

Yaya ranar shiga take?

Kwanaki kafin tafiya za ka cika bayananka ta intanet, ka buga tikiti da alamomin jaka masu lambar ɗakinka. A tashar, 'yan dako za su karɓi manyan akwatuna, ba za ka sake ganin su ba sai yamma ko dare a ƙofar ɗaki. Don haka fasfo, katin shawara, magunguna, caja, dadduma da tufafi ɗaya su kasance a jakar hannu. Ana rufe karɓar fasinja awa ɗaya da rabi zuwa biyu kafin tashi, lokacin da ke kan tikitinka shi ne abin bi. A wasu tafiye-tafiye jirgin yana riƙe fasfo don jami'an shige da fice su duba, a ba ka rasit. Ka riƙe kwafinsa a takarda da kuma a waya.

Jirgin ba ya nitsewa? Me ake yi idan wani abu ya faru?

Haɗari mai girma ba kasafai yake faruwa ba, amma ya taɓa faruwa. A Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio a Italiya, mutum 32 suka rasu, kuma ɗaruruwan da suka shiga a ranar ba a riga an nuna musu matattarar ceto ba. Tun 2015 dokar teku ta duniya ta wajabta yin atisayen ceto ga fasinjoji kafin tashi ko da zarar an tashi. A jikin katinka akwai harafi ko lambar matattararka, taswirar hanya kuma tana bayan ƙofar ɗaki. Alamar gaggawa ita ce busa gajeru bakwai da doguwa ɗaya. Idan ka ji ta, ka sa takalmi da riga mai kauri, ka ɗauki magani, ka bi matakala, kada ka shiga lifta. Atisayen wajibi ne, ana duba katin kowa. Kamfanonin jirgi MSC da Costa suna yin sanarwa da harsuna da yawa har da Faransanci, abin da ke sauƙaƙa wa mutanenmu.

Zan iya tafiya da turaren wuta da kilishi?

Hajiya, turaren wuta dai a haƙura. Ba abin da masu jirgi ke tsoro kamar gobara, kuma kowane ɗaki yana da na'urar jin hayaƙi. Kasko, gawayi, kyandir, shisha, dutsen guga, butar lantarki da wayar raba wuta mai kariyar ƙarfin lantarki duk ana ƙwace su a wurin bincike, a riƙe akwatin sai mai shi ya je ya buɗe. Humra da turaren fesawa ba laifi.

Kilishi, dambun nama da man shanu matsalarsu tun a filin jirgin sama ce, domin Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje. Magunguna su zauna a kwalinsu tare da takardar likita. Tramadol da maganin tari mai kodin suna iya kai mutum gidan yari a Dubai ko Masar.

Abincin halal fa?

A jirgin AROYA abinci halal ne kuma ba giya. A sauran jirage sai ka nema a rubuce lokacin sayen tikiti, wasu suna tanadar naman halal idan an sanar da wuri, wasu ba sa yi. Hanyar da ba ta da shakka ita ce kifi, ƙwai, shinkafa, taliya, ganye da 'ya'yan itace, kuma a mazhabar Malikiyya duk abin da ke cikin teku halal ne. Daren farko ka kira shugaban masu hidimar teburinka ka faɗa masa ba alade ba giya. Zai riƙa kawo maka jerin abincin gobe tun yau don a dafa naka daban.

Inda ake tuntuɓe shi ne miya da kayan zaƙi. Ana dafa wasu miyar da giya, wata shinkafar Italiya ma haka, kuma ana barbaɗa naman alade a salak da wake. Ka san sunayensa: porc, jambon, lardons da Faransanci, maiale, prosciutto, pancetta da Italiyanci.

Yaya ake salla da alwala, alhali jirgi yana juyawa?

Talabijin ɗin ɗaki yana da tasha mai nuna inda jirgin yake da inda ya dosa, da ita ake gane alƙibla. Kamfas ɗin waya yana ruɗewa saboda ƙarfen jirgi. Abin da malamai suka faɗa kan sallar jirgin ruwa shi ne a tsaya idan an iya, a fuskanci alƙibla, a juya idan jirgi ya juya, wanda jiri ya hana shi tsayuwa ya zauna. Batun ƙasaru da haɗa salloli ka zauna da malaminka da jadawalin tafiyar a hannu. Lokutan salla suna canjawa kullum, kuma a Barcelona cikin Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare.

Bayin ɗaki ƙarami ne kuma ba buta, ka tafi da ƙaramar ta roba. Masan yana aiki ne da zuƙar iska ta siririn bututu. Banda takardar da aka ajiye, duk abin da aka jefa, ko audugar mata ko tsumman goge jariri, yana toshe layin ɗakuna da yawa a lokaci ɗaya.

Wayata za ta yi aiki?

Za ta yi, kuma nan ne haɗarin. Idan jirgi ya yi nisa da gaɓa, waya tana kama layin jirgin na tauraron ɗan adam, mai cinye kuɗi cikin mintuna. Ka sa ta a yanayin jirgin sama tun kafin a tashi, ka kunna Wi-Fi kaɗai. Manhajar kamfanin tana aiki kyauta, WhatsApp kuwa sai ka sayi kunshin intanet, wanda ya fi arha idan an saya kafin tafiya. Caja mai ƙafa biyu zagayayyu irin tamu tana shiga soket ɗin jiragen Turai.

Idan na sauka yawo na makara, za a jira ni?

Ba za a jira ba. Lokacin komawa yawanci rabin awa ne kafin tashi, kuma ana rubuta shi a bakin matakalar fita. Ka ɗauki hotonsa. Agogon jirgi ake bi, wanda wani lokaci yake saɓa wa na garin da aka tsaya. Lokacin bazara Faransa da Italiya suna gaban Garwa da Injamena da awa 1, Girka da awa 2, Dubai kuwa awa 3 kullum. Agogon hannu da ka saita da kanka ya fi waya aminci.

Wanda ya sayi yawon gari daga hannun jirgin ana jiran motarsu idan ta makara. Wanda ya tafi da kansa ya rage kuɗi amma ya ɗauki nauyin kansa. Daga Civitavecchia zuwa Rum ya fi awa ɗaya a jirgin ƙasa, don haka mai hankali yana juyowa da sauran awa uku. A takardar shirin kowace rana akwai lambar wakilin jirgin a tashar. Idan an bar ka, shi za ka kira, galibi a hannunsa ake barin fasfo, sannan ka bi jirgin zuwa tasha ta gaba da kuɗinka, in bizarka ta yarda. Duba amsar biza a sama.

Idan rashin lafiya ta kama ni fa? Mai ciki da jariri suna shiga?

Akwai ƙaramin asibiti da likita, amma na kuɗi ne kuma da tsada, ana ɗora shi a katinka. Ka tabbata inshorarka ta ambaci jirgin ruwa da kwashe majiyyaci. Idan zazzaɓi ya taso, ka faɗa wa likita daga Kamaru ko Chadi ka fito, domin ba lallai maleriya ta zo masa a rai ba. Gudawa da amai masu yaɗuwa su ne cutar jirgi, kuma wanke hannu da sabulu ya fi man shafawa mai barasa tasiri a kansu.

Galibin kamfanoni ba sa ɗaukar mace da cikinta zai kai mako 24 kafin a gama tafiya, kuma suna neman takardar likita. Jariri sai ya kai wata 6, a tafiyar tsallaka babban teku shekara 1.

Wane tufafi zan ɗauka?

Daren ado, babbar riga da hula ko leshi da gyale sun wadatar, ba wanda zai nemi kwat. Ka ɗauki rigar sanyi, domin na'urar sanyaya ɗaki da iskar teku da dare sun fi hunturun Marwa cizo, da takalmin da ba ya santsi.

Yaya ake sauka a ranar ƙarshe?

Daren ƙarshe za a kawo alamomin jaka masu launi, kowane launi da lokacin fitarsa. Ka ajiye akwatuna a ƙofar ɗaki kafin lokacin da aka faɗa, ka ware kayan da za ka sa da safe, domin ba a rasa wanda ke farkawa da rigar barci kaɗai. A daren ne kuma za ka duba lissafinka layi-layi a manhaja ko talabijin, ka kai ƙorafi teburin karɓar baƙi, ka karɓi ragowar tsabar da ka ajiye. Da safe layin yana da tsawo, bayan ka sauka kuma gyara yana wuya. Ana barin ɗaki wajen ƙarfe 8, ka buɗe akwatin ajiya na bango ka shafa cikinsa da hannu kafin ka fita. Jirgin saman komawa kada ya kasance kafin azahar.